Faɗuwa da saki a Turanci: muhawarar zauren koyon Ingilishi

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga jimloli uku da na tsinto a takardun ɗalibaina na ajin ƙarshe a sakandare: "I fell my phone inside water." "She fell the exam." "He felt down from the machine." Duk mai jin Hausa ya gane abin da yaran ke nufi, amma mai duba takardar WAEC jan biro zai sa. Ku gyara su, ku kuma nuna mana daga ina matsalar ta taso.

Hauwa'u: Wa alaikumus salam Malam. Ta uku ta fi sauƙi. Felt daga feel ya fito, wato ji. Na faɗuwa shi ne fall, fell, fallen. Sai a ce "He fell off the motorcycle." Ta biyu kuma failed ce, ba fell ba.

Malam Sani: Madalla da ke. Me ya sa kika ce off, ba ki ce down ba?

Hauwa'u: Haka na saba gani a rubuce Malam, amma dalilin ban riƙe ba.

Malam Sani: Bature yana duba inda mutum yake kafin ya faɗi. In a kan abu yake, kamar babur, keke, doki ko tsani, fall off ne. In a cikin abu yake ya faɗo waje, kamar mota ko taga ko aljihu, fall out of. In ciki ya faɗa, kamar rijiya ko kwata, fall into. In kuwa yana tsaye a ƙasa ya kife, fall over ko fall down. Matakalar bene ma fall down the stairs ake cewa. Mu a Hausa da aikatau ɗin kansa muke wannan aikin: ya faɗi, ya faɗo, ya faɗa. Su kuma ƙaramar kalma suke liƙawa a bayansa.

Nasiru: Malam, bari in sa baki a jimla ta farko, domin nahawun Hausa nake karantawa. Faɗi na faɗuwa aikatau ne ƙi-karɓau, wato ba ya ɗaukar karɓau, abin da aikin ke sauka a kansa. Idan muna so mu ce wani ne ya sa abu ya faɗi, sai mu sauya: ya kayar, ya yar, ya zubar, ya saki. Fall ma haka yake, ba ya ɗaukar karɓau. Don haka yaron da ya rubuta "I fell my phone" bai bi ƙa'idar Hausa ba ma, tunda ba wanda zai ce "na faɗi wayata". Dropped yake nema. "I dropped my phone in the water."

Abdu Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi boko, can tomber shi ne faɗuwa, in kai ka sa abu ya faɗi sai ka ce faire tomber ko laisser tomber. Amma na gani cikin wani rubutu an ce "they fell trees", kuma itatuwa ne karɓau. Ke nan fall yana ɗaukar karɓau wani lokaci?

Malam Sani: Tambaya mai kyau, Malam Abdu. Wannan wani aikatau ne dabam: fell, felled, felled, ma'anarsa sare itace har ya kai ƙasa. Tsohuwar kalma ce da aka cira daga fall tun zamanin tsohon Ingilishi, kamar yadda raise yake ga rise, lay ga lie, set ga sit.

Nasiru: Wato tashi da tayar, kwanta da kwantar, zauna da zaunar. Daidai da namu, sai dai mu kusan kowane aikatau muna iya yi masa haka, su kuwa 'yan kaɗan ne suka rage musu.

Abdu Maraɗi: To a kokawa fa? Lokacin gasar takobi kowa a nan maganarsa ke nan, wane ya kayar da wane.

Malam Sani: "He threw him" ko "he brought him down". A dambe, "he knocked him down". Za ka ga felled a jarida game da ɗan dambe, amma ba maganar yau da kullum ba ce.

Alhaji Bala: Malam Sani, ni ɗan kasuwa ne, tambayata ta kasuwa ce. Farashi ya faɗi, ciniki ya rushe, wane ya karye. Duk fall ne?

Malam Sani: Ranka ya daɗe, na farko e: "prices fell" ko "prices dropped", duk biyun sun yi. In an daidaita ciniki sannan abin bai tabbata ba, "the deal fell through". Wanda jarinsa ya karye, "he went bankrupt". Wanda kuɗin hayar shago suka taru masa, "he fell behind with the rent". Wanda 'yan damfara suka yi wa daɗin baki ya yarda, "he fell for it". In ka ɓata da abokin cinikinka, "I fell out with him".

Alhaji Bala: Wannan ta fell through zan riƙe, don ina yawan bukatarta da mutanen da muke saro yadi a wajensu.

Hauwa'u: Malam akwai waɗanda suka fi ɗaure mini kai: fall asleep, fall ill, fall in love, fall silent. Ina faɗuwa a nan?

Malam Sani: Babu. A nan fall yana nufin shiga wani hali ba tare da mutum ya shirya ba. Mu ma a Hausa ba mu ɗora abin a kan mutum: barci ya ɗauke shi, ciwo ya kama shi, so ya kama shi. Akwai kuma wuraren da faɗuwarmu ba ta tasu ba ce. Rana ta faɗi, su "the sun set" suke cewa, dare ne ke faɗuwa a wajensu, "night fell". Ya faɗi zaɓe, "he lost the election". Gabana ya faɗi, "my heart sank". Amma Sallah ta faɗo ranar Juma'a, nan mun haɗu: "Sallah falls on a Friday." Birni ma yana faɗuwa a hannun abokan gaba, shi ya sa za ki karanta "the fall of Kano" a kan shigar Turawa a 1903, ko "the fall of the Berlin Wall" a kan 1989.

Anti Rakiya: Ina ta bin ku tun ɗazu daga wurin aiki, yanzu na samu sarari. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, a ɗakin tsofaffi, kuma ina so 'yan'uwa masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET su saurara da kyau. A asibiti waɗannan kalmomin ba ado ba ne. In aka kawo dattijo aka ce ya faɗi, likita ba zai tsaya a kan fell ba. Zai tambaya: tripped, wato ya yi tuntuɓe da wani abu? Slipped, santsi ya kwashe shi? Lost his balance, ya yi tangaɗi ya kasa tsayuwa? Felt dizzy, jiri ya ɗebe shi? Ko kuwa collapsed, ya yanke jiki ya faɗi? Ko fainted, passed out, blacked out, wato ya suma? Wanda ya yi tuntuɓe da tabarma, ƙashinsa za a fara dubawa, musamman ƙugu. Wanda ya yanke jiki kuwa sai an auna bugun zuciya, hawan jini yana kwance da yana tsaye, sukari, a kuma duba magungunan da yake sha. In ma'aikaciya ta rubuta slipped a inda ya kamata ta rubuta collapsed, za ta iya karkatar da binciken gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane ta hanyar haɗari, bayan haɗarin hanya, kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki.

Hauwa'u: Allah ya saka da alheri Anti. Ban taɓa ɗaukar abin da nauyi haka ba.

Anti Rakiya: Amin ƙanwata. Ki kuma lura, game da tsoho sun fi cewa "she had a fall", yaro kuwa "he fell over". Sannan lafazi. Mu f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yake kusa da p. Nasu haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. In ba ki kula ba fall zai fita kamar Paul, full kamar pull. Ki jera fall, fell, fail, feel, fill, full ki riƙa maimaitawa har kunnenki ya raba su, don jarrabawar lafazi ta WAEC irin waɗannan take kawowa.

Ibrahim: Malam, da izini. Ni Adaidaita nake tuƙi, kullum fasinja masu Turanci cewa suke "I will drop at the junction". Har lakcarorin da na ɗauka sun faɗi haka. Daidai ne?

Malam Sani: A Ingilishin da ake koyarwa a makaranta, direba ne ke dropping fasinja, fasinja ba ya dropping kansa. "Drop me at the junction" ko "drop me off here" daidai ne. In kai ne mai sauka, "I'll get off here" a bas, "I'll get out here" a ƙaramar mota. "I will drop here" kuskure ne.

Nasiru: Malam, a nan ina da ja, tare da girmamawa. Kuskure a wajen wa? Daga Sakkwato har Kalaba kowa ya ji "I will drop here" ya gane. Haka "take a drop", wato ɗaukar shata. Haka "don't fall my hand" na Turancin buroka, wato kar ka ba ni kunya. Abin da miliyoyin mutane suka yarda da shi a tsakaninsu ya wuce a kira shi kuskure. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da okada, danfo, next tomorrow da Kannywood. Amurkawa suna kiran lokacin kaka fall, mutanen Ingila suna cewa autumn, ba wanda ya ja wa Amurka jan biro.

Malam Sani: Misalinka na fall ma yana da tarihi. A Ingila aka fara cewa "fall of the leaf" tun ƙarni na 16, waɗanda suka ƙetara Amurka suka tafi da ita, can gida kuma autumn ta rinjaya. Ban musa maka cewa harshe yana sauyawa ba. Amma ni yaran talakawa ne a gabana, iyayensu sun sha wuya kafin su biya kuɗin jarrabawa, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi. Mai duba takarda ba zai karɓi "I dropped at the junction" ba. In na ce musu daidai ne, na cuce su.

Nasiru: Ban ce a rubuta a jarrabawa ba. Cewa na yi kalmar kuskure ce ba ta dace ba. A ce musu wannan na titi ne, wannan na takarda. Yaron da aka yi ta gaya wa duk abin da ya ji a gari shirme ne, ƙarshe tsoron buɗe baki yake yi. Na ga ɗalibai da yawa a jami'a da suka san amsa amma ba sa ɗaga hannu saboda wannan tsoron.

Anti Rakiya: Ina tare da Nasiru a kan tsoro, ina tare da Malam a kan sakamako. Amma ku sani a nan in ka ce wa Bature "I'm going to drop", zai iya ɗauka gajiya ce ta kai ka ga zubewa, don suna cewa "I'm ready to drop" in sun galabaita.

Alhaji Bala: Ni dai a ganina kamar kaya ne, akwai na zaman gida akwai na zuwa ɗaurin aure. Mutum ya mallaki duka, ya san ranar kowanne.

Malam Sani: Na karɓi rabon da Nasiru ya yi, na titi da na takarda. Abin da ban karɓa ba shi ne a sa "I fell my phone" a layi ɗaya da "I will drop here". Na biyu al'umma ce ta ƙirƙira ta kuma yarda da shi. Na farko ɗalibi ne bai gama koyo ba.

Nasiru: A kan wannan ba mu da saɓani.

Ibrahim: To ni zan ci gaba da sauke masu drop, amma yarana get off zan koya musu.

Hauwa'u: Malam saura saki. Ƙanena in an riƙe shi cewa yake "leave my hand".

Malam Sani: Leave barin wuri ne ko barin abu a inda yake. Sakin abin da ke hannu let go of ne: "let go of my hand", "don't let go of the rope". Kar ki manta da of ɗin, kuma let ba ya sauyawa: let, let, let, babu letted. Ki bambanta shi da drop. Mai drop sau da yawa abin suɓuce masa ya yi, mai let go kuwa buɗe hannunsa ya yi. Sakin fursuna release ne ko set free. Sakin aure divorce. Janye ƙara, drop the case. Barin makaranta ba a gama ba, drop out. Let down kuma shi ne watsa wa mutum ƙasa a ido.

Anti Rakiya: Ku ƙara da wannan. In shugaba a wurin aiki ya kira ka ya ce "we're going to have to let you go", ba izinin tafiya gida ya ba ka ba. Sallama ce daga aiki, cikin lafazi mai taushi. Sababbin zuwa da yawa ba sa ganewa nan take.

Hajiya Binta: Salamu alaikum. Ni ba ɗaliba ba ce, 'yata ce ta sa ni a zauren nan, karatu kawai nake yi. Amma maganar let go ta taɓa ni. Bayan rasuwar maigidana, wata abokiyar aikin 'yata, ba Bahaushiya ba ce, ta aiko mini da saƙo, a ciki ta ce "you have to let go, Mama". Jikana ya fassara mini da cewa wai in sake shi. Na yi kwanaki abin yana cina a rai. Mutumin da muka yi zaman aure tun ina yarinya, ta yaya za a ce in sake shi? Malam, me take nufi?

Malam Sani: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙuri, Hajiya. Ba ta nufi ki manta da shi ba, ba ta kuma nufi saki irin na aure ba. In suka ce let go a wajen baƙin ciki, suna nufin mutum ya daina damƙe abin da ba zai iya dawo da shi ba, ya bar zuciyarsa ta huta. Kalmarmu da ta fi kusa ita ce dangana.

Nasiru: Allah ya gafarta masa, Mama. Malam, kusa ne amma ba ɗaya ba. Dangana tana da wanda ake dangana wa, mutum yana mayar da al'amarin ga Allah ne. Let go ba ta faɗi ga wa aka saki ba. Kuma wanda ya dangana yana ci gaba da addu'a, da sadaka, da ziyarar dangin mamaci. Ba a ce ya buɗe hannu ba.

Anti Rakiya: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Nasiru, na zauna da iyalai da yawa a bakin gadon mai jinya a lokacin ƙarshe, kuma yadda suke amfani da kalmar ya fi yadda kake zato zurfi. Na ji 'ya tana riƙe da hannun mahaifinta tana ce masa "it's okay to let go, Dad", wato kar ka ƙara wahalar da kanka saboda mu. Mu a nan kalmar shahada muke laƙƙana wa mutum. Hanya ta bambanta ƙwarai, amma tausayin da ke muryarta ban ga ya gaza namu ba. Kuma suna kai furanni kabari shekara da shekaru, suna ajiye hotuna. Don haka let go a wajensu ma ba mantuwa ba ce.

Nasiru: Na ji Anti, kuma ke kika gani da idonki. Abin da nake tsoro shi ne a riƙa fassara ta kai tsaye a shafukan sada zumunta, matasa suna ce wa masu makoki "ku saki abin". Ba haka muke ta'aziyya ba.

Malam Sani: Ko a wajensu ma ba a cika faɗin ta ga wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan ba, sai dai makusanci, kuma bayan lokaci ya ja. Inda ta fi zama daram shi ne ɓacin rai da riƙo: wani ya ɓata maka, kana ta nanatawa, sai a ce "let it go", wato bar shi ya wuce, ka yi haƙuri. Wadda ta rubuto wa Hajiya ta yi gaggawa a ganina, amma niyyarta alheri ce.

Hajiya Binta: Na gode ƙwarai, Allah ya yi muku albarka. Yarinyar tana da kirki, har gida ta zo gaisuwa da kayan abinci. Ban amsa saƙon nata ba tun lokacin. Yau zan sa 'yata ta kira mini ita.

Abdu Maraɗi: Allah ya ƙara haƙuri Hajiya. Malam, to in mu ne za mu yi wa wanda ba ya jin Hausa ta'aziyya da Ingilishi, me za mu rubuta?

Malam Sani: A gajarce: "I'm so sorry for your loss." A takarda ko ga babba: "Please accept my condolences." In Musulmi ne ka ƙara "May Allah forgive him and grant him Aljannah." A Najeriya za ka ji "take heart", kuma kowa ya san ta a nan. Ka guji "sorry" ita kaɗai in Bature ne, don zai iya ɗauka gafara kake nema.

Hauwa'u: Malam, na rubuta duka a littafina. Akwai aikin gida?

Malam Sani: Akwai. Kowa ya mayar da waɗannan Turanci kafin Asabar, a turo nan zaure: tulu ya suɓuce mata ya fashe, santsi ya kwashe shi a bakin rijiya amma bai faɗa ba, an fasa bikin saboda iyayen sun ɓata, barci ya ɗauke direban, kar ka saki igiyar sai na ce. Anti Rakiya, in aiki ya bari, ki duba mana ta biyu da ta huɗu.

Anti Rakiya: Ina aikin dare ranar Juma'a, amma zan duba da safe in sha Allah.